Tutar Wendell da Farantin Sola

Lorna Pelkey ta yi rantsuwa ba za a sayar da jirgin ruwan mijinta Wendell a wannan bazarar ba. Ƙaramin jirgi ne mai tafiya da iska, kuma Wendell ya fi shekara talatin yana yawo da shi a gaɓar tekun Maine ta Amurka. Sai ciwon suga ya zo ya sa su a gaba. Allurarsa ba ta son zafi, dole a sa firji a jirgi, ga shi ɗan injin da ke maƙale a baya ba ya cajin komai.

'Yarsu Corinne, ma'aikaciyar jinya ce mai baki kamar reza, ta gindaya sharaɗi. "Mama, ku gwada firjin na mako guda a bakin gari. In batir ya sauka ƙasa da rabi, kun dawo gida ke nan, a sa jirgi a kasuwa."

Lorna ce ta yi lissafin, don Wendell in ka bar shi zai sayo batir mai girman akwati ya ce an gama. Ta auna abin da firji ke sha a yini mai zafi, ta ƙara fitilu da rediyo, ta ninka saboda kwanakin hazo.

"Kyaftin, batir tanki ne kawai," ta ce masa. "Ko ya kai gidanmu girma, in ruwan da ke shiga bai kai wanda ke fita ba, ƙarshensa ƙaf."

Ta zaɓi farantin sola daidai da buƙata har da rara, suka ɗaure shi a kan ƙarfen bayan jirgi, suka je suka saki anka, ƙarfen da ke tsayar da jirgi, a wani lungu kusa da gari.

Rana ta fito tas, amma mitar wuta ta ƙi ba ta gaskiya. Rabin abin da ta lissafa ne kawai ke shiga. Kowace safiya batir ya ƙara yin ƙasa. Ta bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ta goge gishirin teku a farantin, ta sake lissafi har kanta ya yi zafi. Tsoro ya kama ta sosai, don ta san Wendell ba jirgi, zaman kujera ne zai ƙarasa shi kafin suga.

Shi kuwa gogan yana nan da al'adarsa. Ƙarfe takwas na safe ya ɗaga tutar ƙasa a bayan jirgi, faɗuwar rana ya sauke, kamar yadda duk matuƙi mai mutunci ke yi a wannan gaɓa. Tutar kuma ba ƙarama ba ce, ta isa a shimfiɗa a tebur.

Ranar da batir ya kusa taɓa rabi, wani tsuntsun teku ya zo wucewa ya sakar wa tutar kashi. Wendell ya tashi yana zage-zage, ya cire ta don ya wanke a bokiti. Lorna na ciki, ta yi tagumi a gaban mita, sai ta ga lamba ta yi tsalle.

"Wendell! Me ka taɓa?"

"Ni? Tuta na cire."

"Mayar da ita."

"Da kashin?"

"Da kashin, tsoho!"

Ya mayar, lamba ta faɗi. Ya cire, ta tashi. Ashe jirgi a anka kullum yana fuskantar iska, tutar kuma tana kaɗawa ta baya, inuwarta na shara a kan farantin yini guda. Inuwa ko a gefe ɗaya ta faɗa, ta isa ta shaƙe wutar. Lorna ta fashe da dariya har hawaye. Lissafinta daidai yake tun farko.

Wendell ya tsaya da jiƙaƙƙiyar tuta a hannu, fuska a murtuke. "To yanzu in zauna a kan ruwa ba tuta kamar ɓarawo?"

"Zaɓi naka ne, Kyaftin. Ko tuta ko jirgi."

Ya dubi tutar, ya dubi farantin. Can ya shiga ciki ya yi ta bincike, ya fito da wata 'yar tuta da ba ta fi hankici ba, ya ɗaure ta can ƙasa inda inuwarta za ta faɗa a ruwa. Ya ja da baya ya sara wa tutar.

Kafin mako ya cika batir na cika maƙil tun azahar. Har hazo ya rufe su yini biyu, firji bai ko yi tari ba. Corinne ta zo a kwalekwale ta duba mita, ta buɗe firji ta taɓa kwalbar allura, ta ji ta da sanyi.

"Baba, ku riƙa kira dai," ta ce.

Tana barin wurin Wendell ya janye anka da hannunsa, iska ta cika filafilai, ƙyallayen da ke tura jirgi. Lorna ta tambaye shi ina suka nufa. Ya juya hancin jirgi ya bar gari a baya.

"Inda ba a ganin tudu," ya ce. "Matso ki riƙe min igiya."