Hotuna Goma Sha Bakwai a Ambulan Ɗaya

Kai akawun ofishin karɓar ƙorafi, mai tabarau da igiya a wuya, kai ka salwantar mana da hotunan mutanenmu. Ni na miƙa maka su, ka karɓa da hagu don damanka na riƙe da waya.

Ɗana bakanike ne. Wata Talata da hantsi yana kwance ƙarƙashin mota, mutum huɗu suka zo a farar mota marar lamba, suka jawo shi ta ƙafa suka tafi da shi. Wata goma sha ɗaya ke nan. Na je caji ofis, na je gidan yari, a asibiti har ɗakin gawa aka buɗe mini. Kowa ya ce ba ya wurinsu.

A bakin gidan yari na haɗu da Mai Ɗinki, ita mijinta aka ɗauke. Ta dubi kwanon abincin da ke hannuna ta ce, "Iya, wa za ki ba? Kin ma tabbata yana ciki?"

Na ce ban sani ba.

"To ki zo shagona. Irinki muna da yawa."

Mu goma sha bakwai muke taruwa a bayan kekenta, a kan buhunan ƙyalle. Wata malamar makaranta da ta yi ritaya ke taimaka mana da rubuta sunan duk wanda muke nema da ranar da aka ɗauke shi. Aikinmu tsayuwa a ƙofar gidan yari da caji ofis, duk wanda aka sako mu tare shi da hotuna: bawan Allah, ka taɓa ganin wannan? Da haka wata matar direba a cikinmu ta san mijinta na da rai.

Sai rediyo ta ce an buɗe ofishinku. Ranar da muka zo Malama na kwance da hawan jini. Kai ka ce ainihin hoto kuke so, ba kwafi ba. Muka koma gida muka ɓalle su daga bango. Wata cikinmu, Uwar Tagwaye, da almakashi ta yanko ɗanta daga hoton aurensa. Nawa guda ɗaya ne tak, wanda ya ɗauka don katin aiki. Muka zuba a ambulan ɗaya muka kawo maka.

Mai Ɗinki ta ce, "Ranka ya daɗe, ba wata 'yar takardar shaida?"

Ka ce, "Haba baiwar Allah, nan ofis ne, ba kasuwa ba."

Har dariya muka yi maka, mu sakarkaru.

Da Malama ta ji, sai ta dafe kai. "Ba wadda ta yi kwafi? Ku duka?" Masu ƙuruciya suna da nasu a waya. Mu tara ba mu da komai.

Bayan sati biyu muka dawo, ka dube mu ta saman tabarau ka ce, "Wane ambulan?"

Jiya an sako wani mutum, ƙafarsa a kumbure, da ƙyar yake takawa. Ya ce kafin a kawo shi gidan yari an tsare su a wani gida marar suna, su fi arba'in a ɗaki. Na riƙe masa riga na ce ɗana dogo ne, baƙi, da tabo a gira.

Ya ce, "Iya, a can kowa ya yi baƙi, kowa da tabo, kuma da lamba ake kiranmu. Nuna mini hoto. Fuska ba na mantawa."

Na tsaya da hannu biyu ba komai. Ya yi mini alkawarin zai jira zuwa Juma'a kafin 'yan'uwansa su tafi da shi garinsu.

Yau Laraba. Ga mu a bencin ƙofarka tun safe, masinja ya ce kana taro. Na ga takalminka ta ƙarƙashin labule. Ban iya karatu ba, amma na iya zama, kuma ba inda za ni. Ka fito ka buɗe durowar teburinka a gabanmu. In babu, ka faɗi sunan wanda ka miƙa wa ambulan ɗin da wanda ya ce ka miƙa, da bakinka, Malama na rubutawa.