Babban Yatsan Kaka

A ɗakin gwajin kunne na asibitinmu, ba yaro na fi sa wa ido ba, wanda ya kawo shi ne. Iyaye akwai satar amsa, ko kunyata ba sa ji.

Ran nan wata tsohuwa ta shigo da jikarta, 'yar shekara uku mai manyan idanu. Malamar ajinsu ce ta ce a kawo ta, wai in an kira ta daga baya ba ta waiwayowa.

"Taurin kai ne kawai, 'yar nan," in ji tsohuwar, tana ɗora yarinyar a cinya. "Na ubanta ta kwaso. Ko ba haka ba, ƙawata?"

Na koya wa yarinyar wasanmu. Ga kwano, ga ƙwallayen roba, duk sanda ta ji ƙara daga lasifika sai ta jefa ɗaya. Na ɓoye hannuna a ƙarƙashin tebur don kada ta ga ina danna maɓalli, na kuma riƙa sauya tazara don kada ta yi canke. Na danna, ta jefa. Na rage sauti, ta jefa. Na rage har ni kaina da ƙyar nake ji, ta jefa tana dariya. Tsohuwar ta yi mini kallon "ai na faɗa miki".

Saura kaɗan in sallame su, sai idona ya sauka a kan babban yatsan tsohuwar. Da ƙara ta fito, sai yatsan ya ɗan danna haƙarƙarin yarinyar.

Na ce, "Kaka, ɗan taimaka mini. Sauke ta a kujera, ki koma can baya."

Na danna. Yarinya na riƙe da ƙwallo, tana jira. Na ƙara sauti, shiru. Ta waiga tana neman kakarta. Sai da na ƙara sosai sannan ta jefa. Na gaya wa tsohuwar abin da na gani.

"Wallahi ban san ina yi ba," in ji ta. "Haka muke a gida. In uwarta ta kira, in taɓa ta. In mota ta taho, in taɓa ta."

Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Ashe hannunta ya riga bakinta yarda.

Na ce, "Ba laifi kika yi ba, Kaka, amma ba za ki bi ta aji ba. Tana ji, sai dai kaɗan. Zan tura ku wurin likitan kunne. In na'urar ji ce za a sa mata, gara yanzu da take koyon magana."

Ta durƙusa gaban jikarta, hawaye na zuba, tana murmushi. "To ƙawata, za a kore ni daga aiki ke nan."

Yarinyar ba ta ji ba. Ta dai ga hawayen, sai ta miƙa hannu ta danna kumatun kakarta da babban yatsa, a hankali, yadda ake yi mata.