Kinako da Jarida

Babu karen da ba zai koyi ladabi cikin kwana bakwai ba, muddin ya samu malami mai tsari. Kuwabara ne ya faɗi haka, kuma da yake shekara talatin ya yi yana koyar da lissafi kafin ya yi ritaya, ba wanda ya musa.

Tsarin ba wuya. A shimfiɗa jarida a ƙasa, in ɗan kwikwiyonsu, Kinako, ya yi fitsari a kanta, a ba shi busasshen kifi.

Matarsa Tokie ta tsuguna tana kallo.

"Malam, wai me yake gani a jaridar nan? Warin tawada ne, ko ƙarar takardar?"

"Ƙa'ida yake gani," in ji Kuwabara.

Ta ajiye tawul, Kinako ya shinshina ya wuce. Ta ajiye kwali, ya wuce. Ta ajiye shafin wasanni na jarida, ya tsuguna.

"Ashe har ya fi ɗalibanka," in ji ta.

Ita kuwa wata uku ke nan tana fama da baiti ɗaya, tana rubuta shi da buroshi a doguwar takarda, don baje kolin rubutu na unguwa. Ranar Asabar za a rufe karɓa. Sai ranar Juma'a, kwana na bakwai da fara horon Kinako, hannunta ya ba ta wanda ba za ta ji kunyar rataye shi ba. Ta yi abin da kowa ke yi: ta shimfiɗa tsofaffin jaridu a kan tabarmar ɗaki, ta kwantar da rubutun a kai don tawada ta bushe, ta tafi ɗora shayi.

Da ta dawo, Kinako na zaune a gefe yana jiran kifinsa. Rabin baitin ya narke cikin fitsari.

Kuwabara ya leƙo, ya gyara tabarau.

"Kwana bakwai cif, kuma ba wanda ya kira shi. Kada ki tsawata masa, Tokie, za ki rushe tsarin."

Ta daɗe tana duban yadda tawadar ta bi jiƙon ta bazu.

"Daga ɗakin girki fa ya gano jaridar," ta ce. "Warin ne, Malam."

Ta miƙa wa Kinako kifi. Sannan ta kwashe kwanukan da ke kan teburin cin abinci, ta zaro takardarta ta ƙarshe ta shimfiɗa a kai, inda Kinako ba zai kai ba, ta fara niƙa dunƙulen tawada a tsaye.