Takardar Komawa Aiki

Likita ta ɗaga biro. "Baba, mene ne wannan?"

"Ai abin nan ne," in ji dattijon, yana murza yatsu kamar mai rubutu. "Abin nan dai."

"Biro," matarsa ta faɗa ƙasa-ƙasa.

"Mama, don Allah ki bari ya amsa da kansa."

Ran matar ya ɓaci. Shekara talatin mijinta yana riƙe da ɗakin ajiyar kayan gyara na wani kamfanin motoci. Mutumin da ko noti ka nuna masa sai ya faɗi lambarsa da kantar da yake kai, yau shi ake wa tambayar 'yan aji ɗaya! Tun da hawan jini ya kayar da shi sunaye suka gudu daga bakinsa, komai ya koma abin nan, kowa ya zama wane. Kamfani ya ce ba komawa aiki sai da takardar likita. Gidan da suke ciki kuwa na kamfani ne.

A gida ba ta shan wahalarsa. In ya ce "abin nan" yana shafa gwiwa, man zafi yake so. In yana kallon ƙofa, takalmi ne. Wata huɗu tana cafe masa magana kafin baƙi su farga, har 'ya'yansu suka laƙaba mata Tafinta. Ko ɗazu a bas sai da ta yi masa bita: agogo, makulli, kujera.

Likita ta nuna agogo. Bai samo sunan ba. Makulli ma haka. Sai ta nuna matar.

"Wannan fa, wace ce?"

Ya yi dariya. "Haba likita! Wannan ai... wance ce. Mutuniyar kirki. Kullum tana nan."

"Sunanta fa?"

Ya juyo yana kallon bakin matarsa, yana jira ta cece shi kamar kullum. Likita ta sunkuya tana rubutu, da matar ta raɗa masa ba mai ji. Amma tsoro ya riga ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da ya faɗi. Ba gidan take tunani ba yanzu.

"Likita," ta ce, "rubuta abin da kika gani."

Ta tsugunna ta gyara masa takalmi, ta kama hannunsa. "Tashi mu tafi, Malam."

Ya miƙe, ya ɗan rusuna mata cikin ladabi.

"Na gode, baiwar Allah."