Gidan da Ba a Sa wa Lamba Ba

"Mumuni, mu lamba nawa muke?"

Allin yana hannuna Agali ya tare ni da tambayar. Na rubuta 46 a ƙofata ke nan, na tsallake shingensa, zan sa 47 a ƙofar Na Allah mahauci.

"Taku sai an dawo," na ce. "Kai da ba ka da ƙyaure, ina zan rubuta? Bisa kara?"

Ya yi dariya cikin rawaninsa. "Gaskiyarka, maƙwabci."

Mutanen jami'a ne suka zo Mayahi, da shugabarsu Madam Samira. Suna son gano abin da ya sa hawan jini ke kashe Buzaye da Fulanin da suka zauna cikin gari ba su ko kai likita ba. Suka zauna da mai unguwa, aka ce a ba su ɗan gari ya yi musu jagora. Aka ba da ni, tunda na taɓa lakwal, na yi boko, kuma tela ba gidan da bai sani ba. Duk gidan da ya samu lamba, kowane wata za a zo a auna mutanensa, a ba mai ciwo magani har shekara. Sharaɗi guda ne: sai mazauni, wanda za a dawo a tarar.

Da safen nan Madam ta nuna bukkar Agali. "Wannan fa?"

"Ƴan wucewa ne, Madam. Kaka na yi za su tashi."

Shekara ashirin da shida muna maƙwabtaka da Buzun nan. Shi ya kama mini ragon sunan ɗiyata ta fari. Amma da damina awakinsa sun shiga gonata sun share waken tas, mai unguwa kuma ya ce in yi haƙuri. To, haƙurin ne ban yi ba. Kuma kada in yi muku ƙarya in ce ban san ba shi da lafiya ba. Sau nawa yana zama bakin shagona, ya matse rawani, ya ce, "Ƙeyata kamar an aza mini turmi."

Duk wata motar ta zo, sai in hango shi ya share ƙofa, ya shimfiɗa tabarma, ya aza shayi.

"Yau da mu?"

"Sai wata mai zuwa, in sha Allah."

Wallahi kafin wata na uku fushin wake ya fita raina. Abin da ya rage shi ne in tsaya gaban Madam in ce ƙarya na yi. Sau biyu ina buɗa baki cikin mota, sai in ji ina zancen tsadar esansi, man mota. Kai, ɗan Adam!

Ran wata Alhamis da hantsi ina kan keken ɗinki na ji muryar Safa, matarsa.

"Mumuni! Zo ka ga maƙwabcinka!"

Na iske shi kwance wurin turken awaki, igiya a hannu, bakinsa ya karkace. Muka aza shi bisa amalanken Na Allah sai likita. Ma'aikacin ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya duba, ya sake dubawa.

"Ashirin da huɗu! Jini ya hau ya wuce misali. Ba unguwarku ake awo duk wata ba?"

Na sunkuyar da kai ina gyara wa Agali rawani. Kafin la'asar ya cika.

Ranar sadakar uku ta faɗo daidai da zuwan motar. Madam ta ga taro, ta tuɓe takalmi, ta shiga yi wa mata gaisuwa. Ina daga bakin shinge ina jin su.

"Allah ya jiƙan shi. Ashe ba ku tashi ba?"

"Mu tashi zuwa ina?" in ji Safa. "Nan na haifi ɗiyana duka. Tambayi Mumuni, shi ya san mu."

Madam ta fito ta dube ni. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Hannu kawai ta miƙo, na zaro allin daga aljihu na ba ta.

Safa ta biyo ta da sauri. "Ga wurin rubutawa nan. Tun ran da Mumuni ya ce ba mu da ƙyaure maigidana ya tanade shi."

Murfin tsohuwar tano ne, irin wadda ake zuba ruwa. Agali ya buge shi ya miƙe, ya goge tsatsar da yashi, ya ɗaure shi da waya jikin shingen, daidai tsayin hannun mutum. Wata biyar ina wucewa ta nan, idona na ƙasa.

Madam ta juyo gare ni, allin a hannunta. "Lamba nawa?"

Na duba hagu, 46. Na duba dama, 47. Wata akuya ta zo ta goga jikinta a shingen, murfin ya ɗan kaɗa, ya tsaya.