Mujallar da Gara ta Ci

"Ba wannan ba, mai lamba sha bakwai nake so," in ji Baba Mai Agogo daga kan gado.

Na yi kamar ina nemanta. Shekara biyu ke nan da idonsa ya tafi, ni maƙwabciyarsa nake rufe keken ɗinkina da yamma in zo in yi masa gani. Tsofaffin mujallu ne jibge a kan katakai har silin, masu zanen hannu a bango. Bai damu da labaran ciki ba, shi dai bangon. In ɗauko, ya shafa, in faɗa masa abin da aka zana.

Doka ɗaya gare shi: takarda ba ta kwana a ƙasa. Ni kuwa sarauniyar garaje, ranar da rufin ya yi yoyo na sauke kwali guda, na manta da shi a bayan ƙofa. Kafin in farga gara ta yi biki. Sha bakwai na ciki, mai zanen mace a kwale-kwale, wadda yake rantsuwa ita da marigayiya matarsa kamar an tsaga kara. Ba shi da hoton matar ko ɗaya. Wata uku ina yi masa hanya-hanya, yau ga shi likita ya ce a kira 'ya'yansa.

Na zaro wata mai zanen motar noma na ɗora masa a ƙirji. "Ga ta, Baba."

Ya bi gefenta da yatsa a hankali. "To, faɗa mini."

"Ruwa ne shuɗi, tana zaune, ta riƙe jar lema."

"Rawaya dai."

"Rawaya, Baba."

Ya yi murmushi. "Tela, ki tsaya a ɗinkinki, ƙarya ba sana'arki ba ce. Tawa kunnenta a yage yake."

Sai kuka ya ƙwace mini, na zayyana masa komai. Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ajiye mujallar a gefe. "Duka ta cinye?"

"Duka."

"Ashe matar ta samu ta wuce," ya ce. "Shekara arba'in tana tsakiyar ruwa, mai zanen ko filafili bai ba ta ba. Rufe idonki, 'yar nan, yau ni zan yi miki gani."

Na rufe. Ya ce ga gaɓa can, da manyan itatuwa, ruwan ya kwanta luf. Ta naɗe lemar. Tana tattare bakin zaninta kada ya jiƙe. Ga ta ta taka tudu, ta waiwayo tana yi masa faɗa, wai shi kullum sai nawa.

"Ina zuwa mana," ya ce, ba da ni yake ba.

Na yi ta jiran ci gaban, ba na jin komai sai fanka. Da na buɗe ido, hannunsa na dama ya zame zuwa bakin gado, tafin a buɗe, yatsun sun ɗan lanƙwashe.