Gahawar Gidan Basha

Kada wanda ya ƙara ce mini manyan ƙasashe sun sasanta bayan yaƙin duniya na biyu. Sasantawa ina? Sun dai ajiye bindiga, suka koma yin faɗan a teburin cin abinci, a kan iyayen wasu. Ni Mahasin, a kan ubana suka yi nasu.

Ubana Hamad Bahaushen Sudan ne, yana hidimar teburi a gidan wani Basha, wato babban mai sarauta, a unguwar Zamalek ta birnin Alƙahira. A ɗakin bayan gidan muke zaune, shi da mahaifiyata Bakhita da ni. Bashan nan kuwa tsoro ya yi masa yawa, kowa so yake ya faranta masa. Shi ya sa ya haɗa baƙi biyu a walima guda: wani matashin jami'in diflomasiyya ɗan Amurka, da wani tsoho ɗan Rasha. Mutanen da ko gaisawa ba sa yi!

Aka gama cin abinci, Baba ya shigo da gahawa. An ce masa ya fara da Ba'amurken. Amma ya ɗaga ido ya ga furfura. To, a ina aka taɓa tsallake dattijo a miƙa wa yaro? Ya nufi tsohon.

Ba'amurken ya tashi ya ɗauki hularsa.

"Na fahimci saƙonka," ya ce wa Basha.

"Wane saƙo? Wallahi jahilcin bara ne!" in ji Basha, yana bin sa har mota yana rantse-rantse.

Da a nan aka tsaya, da zagi kawai Baba ya sha. Sai washegari ga direban tsohon nan da gwangwanin alewa, wai a ba mai gahawa. Na sha, ba zan ɓoye ba, har na lashe yatsu.

Da gari ya waye Baba ya sa farar jallabiyarsa.

"Malam, ina zuwa?" Umma ta tambaya.

"Godiya."

"Godiyar me? Ba ka ga yadda Basha ke hararmu ba? Don Allah ka zauna."

"Haba Bakhita. Mutum ya aiko mini da alheri, in yi shiru kamar ba ni da tarbiyya? Ƙofa kawai zan tsaya in dawo."

Ƙofar kuwa ya tsaya. Bai san akwai masu zama a mota suna sa ido kan duk mai zuwa ƙofar ba. Kafin azahar labari ya kai wa Basha. Munafuki, har murna ya yi, ya sami abin wanke kansa wurin Ba'amurken: ashe baran ne 'yan Rasha suka saya! Mutumin da ko sunan ƙasar bai iya faɗa daidai ba, shi ne ɗan leƙen asiri. Allah ya isa!

Aka kama Baba a hanya, aka jefa shi jirgin ƙasa zuwa kudu, wajen iyakar Sudan, aka ce kada ya sake taka Masar. Mu kuma aka watso mana kaya waje. Umma ta yi ta neman hanyar bin sa, ciwo ya kayar da ita har ta rasu, maƙwabta suka riƙe ni. Har yau ina jin zafin abin, ban yafe ba.

Sai da na yi aure wani fatake ya ce mini ya san Hamad a Wadi Halfa, garin iyakar Sudan, a can ya rasu. Ya ce duk jirgin ruwan da ya iso daga Masar, sai ya tare fasinjoji yana tambaya ko sun ga wata yarinya a Zamalek mai giɓi a haƙori.